Finafinan Chana masu dogon zango: tarihi kaɗai suka iya, ko ni ce ban dace da sauran ba?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shekara biyu ke nan da na fara kallon finafinan Chana masu dogon zango, tun ina jego, lokacin da ƙanwar maigidana ta tura min Story of Yanxi Palace a waya. Kashi 70 ne, amma cikin sati uku na gama shi, ina shayarwa ina kallo. Daga nan na wuce Empresses in the Palace, shi kuma kashi 76. Gaskiya a labarin fada da sarauta mutanen nan sun kai. Kaya, ado, yadda ake durƙuso, yadda magana ɗaya ke ɗauke da ma'ana uku, duk sun burge ni. Amma na gwada na barkwanci har guda biyu, ko murmushi ban yi ba. Na binciken kisa kuma tun kafin a kai rabi na san hukuma ce za ta yi nasara. To shin tarihi kaɗai suka iya, ko ni ce ban dace da masu kyau ba? A ba ni shawara don Allah.

Abban_Sadiq:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ai tarihin ma ba ki shiga cikinsa sosai ba tukuna, kin tsaya a cikin gida wajen mata. Nemi Three Kingdoms. Iri biyu ne, akwai na 1994 mai kashi 84, akwai na 2010 mai kashi 95. Ni na 2010 na kalla. Akwai wurin da aka ce wa Zhuge Liang, gwanin dabarun yaƙi, ya kawo kibiya dubu ɗari cikin kwana goma, don a samu hanyar kashe shi in ya kasa. Ya ce kwana uku ma sun ishe shi. Ya sa aka cika jiragen ruwa da mutum-mutumin bambaro, ya jira asubar da hazo ya rufe kogi, ya matsa kusa da sansanin Cao Cao, shugaban abokan gaba, ana ta buga ganguna. Su kuma da ba sa ganin komai sai suka hau harbi. Haka ya kwaso kibau a jikin bambaro ya dawo da su. Na maimaita wurin nan ya fi sau biyar, har yarana sun haddace shi.

Malam_Habu_Tarihi:
Abban Sadiq, wuri ne mai daɗi ƙwarai, amma a yi hattara da kiransa tarihi kai tsaye. Yaƙin kansa ya faru, a shekarar 208, a gaɓar kogin Yangtze. Sai dai fim ɗin daga littafin hikaya na Luo Guanzhong aka ɗauko shi, wanda aka rubuta a ƙarni na 14, fiye da shekara dubu bayan mutanen sun mutu. Abin da ya yi kama da aron kibau a tsofaffin rubuce-rubuce, ga wani shugaba mai suna Sun Quan aka jingina shi, a wani yaƙi daban. Marubucin ne ya ɗauke ya ba Zhuge Liang don ya ƙara masa kwarjini. Shi ma Cao Cao littafin ya baƙanta shi fiye da kima.

Abban_Sadiq:
Na gode Malam, ban san haka ba. Amma a na 2010 ba su mai da Cao Cao mugu zalla ba, ni har tausayinsa na ji a ƙarshe.

Zee_Kd:
Anti Maman Ilham, a kan na bincike kam ban yarda da ke ba. Kalli The Bad Kids na 2020. Kashi 12 kacal. A minti biyun farko ma za a nuna miki wanda ya yi kisan: wani malamin lissafi mai sanyin hali ya kai surukansa yawon kan dutse, yana gyara musu zama wai zai ɗauke su hoto, sai ya tura su. To wasu yara uku suna can suna ɗaukar kansu bidiyo suna waƙa, kyamararsu ta kama abin ba su sani ba. Ba tambayar wa ya yi kisa ake yi ba, tambayar ita ce me yaran za su yi da abin da ke hannunsu, kuma me zai mayar da su. Daren da na gama shi sai da na tashi na leƙa ɗakin ƙannena.

Nura_Gwale:
Zee don Allah ki tsaya nan, kar ki tona ƙarshen. Ina kashi na 7.

Zee_Kd:
Ban faɗi komai ba sai farkonsa Yaya Nura. In ka gama ka dawo mu yi magana a kan kashi na ƙarshe, don har yau mutane ba su daidaita ba kan abin da ya faru da yaran nan biyu.

Dalibi_a_Xian:
Bari in taɓa maganar barkwanci, don na fahimci abin da ya samu Maman Ilham. Shekarata ta huɗu ke nan ina karatu a Xi'an. A shekarar farko abokan ɗakina Sinawa suna kallon My Own Swordsman, wani na 2006 mai kashi 80, labarin wani masauki a zamanin daular Ming da ma'aikatansa. Suna dariya har da hawaye, ni ina bin fassarar Turanci a ƙasan allo, ban ga abin dariya ba. Sai da na fara jin yaren na gane dalili. Uwar masaukin da karin harshen Shaanxi take magana, wato na nan inda nake zaune, mai hidimar baƙi kuma da na arewa maso gabas. Rabin dariyar a bakin take, ba a ma'anar ba. Ku ɗauka a ce marigayi Ibro yana kwaikwayon Sakkwatanci ko maganar Bagwari, sai a rubuta wa Bature a ƙasan allo. Me zai gani? Ga shi kuma yarensu kamar namu ne wajen hawa da saukar murya. Kalmar "ma" in ka riƙe ta a sama uwa ce, in ka lanƙwasa ta doki ce, kamar yadda muke da kuka na hawaye da kuka ta miya. Barkwancinsu da yawa a kan irin wannan aka gina shi, kuma fassara tana kashe shi murus.

Maman_Ilham:
To ka ga wannan bayani ya shige ni. Ɗaya daga cikin biyun da na gwada iPartment ne. Ana ta sako sautin dariya, ni ko ina zaune shiru.

Dalibi_a_Xian:
Wannan ko su Sinawan da yawa sun soke shi, sun ce an kwashi abubuwa daga wasannin Amurka. Ba da shi za ki auna su ba.

Hajiya_Turai:
Ni fa 'ya'yana ba barkwancin ne damuwata ba. Waɗannan na fada da kuke yabo su ne nake tsoro. Na zauna da jikata na kalli kashi huɗu na wannan Empresses ɗin. Wannan ta sa wa waccan abu a turare don kada ta haihu, waccan ta haɗa baki da mai magani, wata ta yi ƙaryar ciki. Yarinyar da ba ta yi aure ba tana shan wannan kullum, da wane ido za ta kalli abokiyar zama in Allah ya kai ta gidan wani? Muna fama da namu a gida, ga kuma an kawo mana na waje da ado mai kyau.

Ummu_Haidar:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarki tana kan hanya, amma ni abin da na ɗauka daga fim ɗin daban ne. Wadda ta yi nasara a ƙarshe ba ta samu komai ba. Ta shigo yarinya mai fara'a da son karatu, ta ƙare ita kaɗai a kan gado da rawanin zinariya, duk wanda take so ya mutu. Ban ga mai kallon wannan har ƙarshe ta yi sha'awar makirci ba. Matsalar ita ce mai kallon kashi huɗu ko gutsattsarin da ake yawo da su a TikTok, ita kam dabarun kawai za ta gani.

Malam_Habu_Tarihi:
Kuma a bambance, Hajiya. Abin da ke fadar daular Qing ba zaman kishiyoyi ba ne irin wanda addini ya tsara mana, inda kowace mace ke da kwana da haƙƙi daidai da 'yar'uwarta. Can mata ɗaya ce sarauniya. A ƙarƙashinta akwai matakai: ɗaya a mataki na biyu, biyu a na uku, huɗu a na huɗu, shida a na biyar, daga nan zuwa ƙasa babu iyaka. Abinci, gawayin ɗumi, yawan kuyangi, duk da matakinki ake auna miki. Da dare babanni su kawo wa sarki tire da 'yan alluna masu sunayen mata, wadda ya kife allonta ita ce da kwana. Wadda aka manta da ita har gawayi sai ya gagare ta a lokacin sanyi. Tsarin ne ke haifar da muguntar, fim ɗin ma abin da yake nunawa ke nan.

Hajiya_Turai:
Na ji Malam. Amma dai jikata sai ta gama jarrabawa tukuna.

Sani_Bakin_Kasuwa:
Su ma Sinawan ai hukumarsu ba ta so. A farkon 2019 wata jaridar gwamnati a Beijing ta soki irin waɗannan finafinan fada, ta ce suna koya wa mutane son ƙawa da makirci, tashoshi suka janye su. Hajiya ba ke kaɗai ba ce.

Nura_Gwale:
Malam Habu, wannan maganar babanni ta ɗaure min kai tun ina kallo. Mutum ba shi da iyali amma har waziri yana tsoronsa.

Malam_Habu_Tarihi:
Ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Nura. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba babanni manyan muƙamai a fada. Hikimar ɗaya ce ko'ina: wanda ba zai haihu ba ba zai nema wa ɗansa gadon sarauta ba, don haka sarki ya fi sakin jiki da shi. In kana son ka ga wannan da kyau nemi Ming Dynasty 1566, na 2007, kashi 46. Babu soyayya, babu tashi sama. Baitulmali ya bushe, sai manya suka yanke cewa manoman Zhejiang su daina shuka shinkafa su koma shuka bishiyar da tsutsar siliki ke ci, don a sayar wa 'yan kasuwar waje da yadi. Manoma suka ƙi, don ba za su ci ganye ba. Sai aka fasa madatsun ruwa da gangan, gonaki suka nutse, don a saye su da arha. Wannan shirin na siliki marubuci ne ya ƙago shi, amma Hai Rui, jami'in da ya tsaya musu, mutum ne na gaske. Shi ne wanda ya sayi akwatin gawarsa ya yi sallama da iyalinsa kafin ya aika wa Sarki Jiajing takardar da ke faɗa masa laifinsa. A ganina duk cikin na tarihi babu kamarsa, sai dai yana son haƙuri, don zance ne wuni guda.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Mu nan da fassarar Faransanci muke bi a YouTube, kuma ba kowane ake samu ba. Game da dariya, ni wanda ya ba gidanmu dariya duka, daga tsohuwata har yara, shi ne Journey to the West na 1986, na birin nan Sun Wukong da alade mai kwaɗayi. Tsohuwata ba ta jin Faransanci balle Sinanci, amma da aladen ya ɓoye abinci ko ya kwanta barci an aike shi leƙen hanya, ita ke fara dariya. Ta ce halin Gizo ne aka raba wa mutum biyu, wayon ga biri, haɗamar ga alade. Saboda haka ina ganin ɗan'uwanmu na Xi'an ya yi gaskiya rabi: dariyar baki ba ta ƙetare iyaka, amma dariyar hali tana ƙetarewa.

Dalibi_a_Xian:
Haka ne Malam Issoufou. Kuma wata mace ce ta ba da umarninsa, Yang Jie, da kyamara ɗaya tak aka ɗauki kusan dukkansa, shekaru ana yi. Malamin da suke rakiya ma mutum ne na gaske, Xuanzang, daga wannan garin ya tashi zuwa Indiya ya dawo a 645. Hasumiyar da aka gina don ajiye littattafan da ya kawo tana nan tsaye, ina wucewa ta gabanta a bas.

Baban_Kakuri:
Ina karanta ku tun jiya ban sa baki ba. Maman Ilham, kin ce a na bincike an san hukuma za ta yi nasara. Ina roƙonki ki kalli The Long Season na 2023, kashi 12, wanda ya yi The Bad Kids ne ya yi shi. Labarin wani gari ne a arewa maso gabashin Sin da ya rayu a kan masana'antar ƙarfe guda ɗaya. A 1998 aka tsinci sassan jikin mutum a cikin leda, a daidai lokacin da ake shirin sallamar ma'aikata. Sai labarin ya tsallaka 2016, ga mutum uku sun tsufa. Wanda yake direban jirgin ƙasan kamfani, mai alfahari da aikinsa, ya koma tuƙin tasi. Shugaban 'yan sandan da ya riƙe binciken ya ajiye aiki tun tuni, yana rawa a gidan tsofaffi. Gaskiya tana fitowa daga baya, amma bayan shekara goma sha takwas, lokacin da ba za ta dawo wa kowa da komai ba.

Abin da ya sa ya taɓa ni, mahaifina ya yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a Kaduna. Ina tuna safiyar da ya saka kakinsa ya tafi, ya tarar da ƙofa a rufe da sarƙa, ya dawo ya zauna a kan benci a ƙofar gida bai cire takalmi ba har azahar. Ya ajiye katin aikinsa a cikin Alƙur'aninsa har ya rasu, yana jiran haƙƙinsa. Akwai wurin da ake karanta sunayen waɗanda aka sallama a babban ɗakin taro, ma'aikata suna zaune kowa yana jiran nasa. Na dakatar da fim ɗin na fita waje. Ban taɓa zaton mutumin Sin zai ba ni labarin unguwarmu ba. Kuma abin mamaki, akwai dariya a ciki sosai, irin ta tsofaffin abokai masu tsokanar juna a teburin mai shayi. Wannan dariyar na gane ta ba tare da an fassara min ba.

Ummu_Haidar:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Hajiya_Turai:
Allah ya gafarta masa. Mun san wannan zamanin, ɗana. Gidaje da yawa ba su sake miƙewa ba.

Baban_Kakuri:
Amin, na gode.

Nas_Rukayya:
Amin. Ni kuma waɗanda suka haɗa tarihi da bincike nake so, wataƙila saboda aikina. Akwai wani alƙali a daular Song, Song Ci, da ya rubuta littafi a 1247 kan yadda ake duba gawa a gane musabbabin mutuwa, an yi fim mai dogon zango a kansa a 2005. A littafin ne aka kawo labarin manomin da aka kashe da lauje. Mai bincike ya sa duk mutanen ƙauyen su ajiye laujensu a rana. Duk an wanke su tas, amma ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, mai shi ya amsa laifi. Ranar da na ga wannan sai na tuna yadda ƙuda ke gano tiren da ba a wanke da kyau ba a ɗakin ɗaurin ciwo kafin idon mutum ya gani. Sai kuma na Di Renjie, wazirin Wu Zetian, macen da ita kaɗai ta taɓa hawa gadon sarautar Sin da sunanta, daga 690 zuwa 705. Shi dai yana da yawan bayani, sai ya tara kowa ya warware komai daga farko.

Sani_Bakin_Kasuwa:
Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya a kan tsawo. Kashi 70, kashi 87, kowane minti 45. Data nawa ke nan? Ni a shagon masu tura finafinai nake karɓa, kuma sau biyu ana ba ni wanda fassararsa ta inji ce, "shi" ya koma "ita", sunan mutum ɗaya ya canza sau uku. Nirvana in Fire na bari a kashi na 9 saboda na kasa gane wane yarima ne wane.

Zee_Kd:
Kai Yaya Sani, ka bar shi a daidai inda zai fara daɗi. Kashi 54 ne kuma babu na zubarwa. Riƙe abu ɗaya kawai: marar lafiyar nan mai fama da tari shi ne ɗan janar ɗin da aka ci amanar rundunarsa ta mutum dubu saba'in shekara 12 da suka wuce, kuma babban amininsa bai gane shi ba. Ni takarda na samu na rubuta sunaye har na saba.

Dalibi_a_Xian:
Tsawon ma an rage. A 2020 hukumar da ke kula da talabijin ta nemi kada a riƙa wuce kashi 40, shi ya sa waɗanda suka biyo baya suka riƙa zuwa 36 ko 40, ko a raba su zango biyu. Kuma Maman Ilham ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, kowane fim sai an tace shi kafin ya fita, kuma ba a barin mai laifi ya sha. Shi ya sa gwanayen cikinsu suke ɓoye abin da suke nufi a wani lungu, mai lura ya gani.

Abban_Sadiq:
Wai ba a taɓa fassara irin waɗannan da Hausa ba ne? Da tsofaffinmu sun huta da karatun ƙasan allo.

Malam_Habu_Tarihi:
An yi. Sashen Hausa na gidan rediyon Sin, wanda ya fara watsa shiri tun 1963, ya juya Beijing Love Story zuwa Hausa a 2013, kuma StarTimes ma suna sa muryar Hausa a wasu. Amma yawanci na zaman birni da soyayya ake zaɓa. Ni burina a samu wanda ya san maganar fada, ya san inda ake cewa ranka ya daɗe da inda ake cewa Allah ya ja zamaninka, ya zauna ya juya Ming Dynasty 1566. Harshenmu yana da kayan aikin da Turanci ba shi da su a wannan fannin.

Maman_Ilham:
Na dawo. Daren jiya bayan yara sun kwanta na kalli kashi uku na The Bad Kids. Zee, na janye maganata a kan na bincike, wurin da malamin nan ya cire gashin kansa a gaban madubi har yanzu yana idona. The Long Season ne na gaba in sha Allah, saboda Baban Kakuri. Amma a barkwanci har yanzu ina nan a kan bakata. Birin Malam Issoufou na yarda, sai dai wannan tatsuniya ce. Ina son wanda aka yi don dariya, na mutanen yau, wanda zan gane.

Ummu_Haidar:
Gwada Home with Kids na 2005. Mace mai ɗa ɗaya ta auri mai 'ya'ya biyu, aka haɗa su gida ɗaya. Rigimar agola da 'yan uba ce da ƙin yin aikin makaranta, babu abin da sai an yi miki bayani.

Zee_Kd:
Ko Joy of Life. Kayan dā ne amma jarumin da tunanin mutumin yanzu yake magana, yana ƙin durƙusa wa sarki. Akwai wani ma'aikaci a ciki mai son kuɗi da tsoron matarsa, duk fitowarsa sai na yi dariya.

Issoufou_Damagaram:
Wannan Home with Kids ɗin, akwai wanda ya san ko ana samunsa da Faransanci?

Nura_Gwale:
Zee, na gama kashi na 12 yanzu. Wurin da Yan Liang, ɗaya daga cikin yaran uku, ya shigo ɗakin taron makaranta da fararen kaya, babu wanda ya juya ya kalle shi sai yaron nan kaɗai. Ke me kika fahimta?